Kafin ka biya kuɗin makarantar kungfu a ƙasar Sin

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chainis, da an ce makarantar kungfu, Shaolin ce ke faɗo masa a rai. Ni ma da sunanta a baki na tafi, kuma da sunanta wani dillali ya yi mini sakiyar da ba ruwa. To, wanda ke tara kuɗin tafiya ya tsaya ya saurara tukuna.

Shaolin tana nan, gidan bautar mabiya Buddha ne da aka gina a shekarar 495 a gindin dutsen Song, kusa da garin Dengfeng a lardin Henan. Sai dai yawancin makarantun da ke ɗaukar ɗalibai a wajen gidan bautar suke, sun cika garin. Babbarsu ita ce Tagou, wadda aka kafa a 1978, ɗalibanta dubbai ne, in ka gan su a fili da asuba sai ka rantse sojoji ne. Matashin da gwiwarsa ke da lafiya, mai son tsalle da alkafura da damben da suke kira sanda (ba sandar kiwo ba, sunan wasan ke nan), zai samu abin da yake nema, in ya yarda ya zama ɗaya cikin taro.

Dutsen Wudang a lardin Hubei wurin mabiya addinin Tao ne, akwai taiji, salon nan na motsi a hankali, da wasan takobi, kuma yana yin kyau a hoto. Ƙauyen Chenjiagou, mahaifar taijin gidan Chen, na masu haƙuri ne da za su yi wata guda suna gyara tsayuwa ɗaya.

Ni dai in za a sake ba ni zaɓi, Mengcun zan nufa kai tsaye. Gunduma ce ta Musulmin ƙabilar Hui a yankin Cangzhou, lardin Hebei, ba nisa sosai da Beijing. Nan ne cibiyar salon bajiquan, wanda ake danganta shi da Wu Zhong, wani Musulmi da ya rayu a ƙarni na 18, kuma zuriyar gidan Wu na koyar da shi har yau. Faɗan kurkusa ne, da gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu, kana buga ƙafa a ƙasa har ka ji ta a haƙoranka. Akwai atisayen da za ka yi ta bangazar bishiya ko abokin horo da kafaɗa. Ba abin burge 'yan kallo a ciki, amma Huo Diange, dogarin Puyi sarkin Sin na ƙarshe, ɗan wannan salon ne, haka Liu Yunqiao da ya horar da masu gadin Chiang Kai-shek, tsohon shugaban Taiwan. Ga masallatai, ga gidajen abinci masu alamar qingzhen, wato halal. Wanda ya taɓa yin wata biyu a kan farar shinkafa da dafaffen ƙwai don tsoron naman alade, kamar yadda na yi, ya san darajar wannan.

Batun ladabi ma ya fi sauƙi a can. A ko'ina malami shifu ne, wanda ya riga ka shiga kuwa shixiong, yayanka ke nan ko da ka girme shi. Gaisuwa ita ce ka dunƙule hannun dama, ka rufe shi da tafin hagu a gaban ƙirji. Abin da suke kira wude, ɗa'ar mai faɗa, ba baƙo ba ne a wajenmu: kada ka zauna malami na tsaye, kada ka gwada ƙarfi a kan na ƙasa da kai, kada ka yi alfahari da abin da ka iya. Inda ake samun matsala shi ne bikin baishi, na zama almajiri na haƙiƙa, domin a al'adance ana miƙa wa malami shayi, a durƙusa har goshi ya taɓa ƙasa. Musulmi ya faɗi matsayinsa tun kafin ranar. A tsakanin 'yan Hui ba sai ka yi dogon bayani ba.

Yanzu ga macuta, kuma suna da yawa. Dillalin da na haɗu da shi a intanet ya turo mini hotunan mutane masu askin ƙwal-kwabo da rigunan ruwan goro, ya ce limaman gidan bautar ne za su koyar da ni. Na tura kuɗin wata uku a asusun mutum ɗaya, ba na makaranta ba. Da na isa, wani gini ne a bayan gari, malamin yaro ne da bai kai ashirin ba, rigar ma sai ranar ɗaukar hoto yake saka ta. Aski da riga kowa na iya yi. Ka tambayi sunan wanda zai tsaya a kanka kullum, wa ya koya masa, ɗalibai nawa ke hannunsa, sannan a nuna maka shi ta bidiyo kai tsaye. Kada ka biya fiye da wata guda kafin ka ga ɗakin kwana, ka kuma tambaya ko akwai abin ɗumama ɗaki, don hunturun arewacin Sin ya wuce sanyin Jos nesa ba kusa ba. Wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, rabu da shi. Ta karatu X2 ce in zamanka bai wuce kwana 180 ba, X1 in ya wuce. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka. Mai cewa zai kayar da mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ka tuna yadda ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya tumurmusa wani mai da'awar taiji, Wei Lei, cikin 'yan daƙiƙoƙi a Chengdu a 2017. Takardar shaidar da ta zo da hatimin zinare bayan sati biyu kuwa, ina da irinta a ƙasan akwati, kuɗinta ma daban na biya.