Ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma: abin da take ci, abin da take bayarwa

Yaron da ya baro ƙauye zuwa jami'ar Kafin Hausa ko ta Wudil, ko kwalejin ilimi ta Gumel, kafin ya gane hanyar aji sai ya ci karo da teburin ƙungiyar 'yan ƙaramar hukumarsu, ana miƙa masa fom. Shigar ta fi rashinta, amma sai an duba littafin kuɗi tukuna.

Wasu iyayen da sun ji "ƙungiya" sai gabansu ya faɗi. Ba a rasa dalili ba. A Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantakar ɗalibai masu sunaye da haruffan Girka, tun daga Phi Beta Kappa ta 1776. A Ibadan ma Wole Soyinka da abokansa sun kafa tasu a 1952, daga baya wasu da suka ɓullo a bayanta suka zama ƙungiyoyin asiri. Ta 'yan gari daban ce, kuma gane ta ba wuya: tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, da rubutaccen tsarin mulki, da malami uban ƙungiya, taro kuma da rana tsaka. Inda aka ce rantsuwa da dare, mutum ya kama gabansa.

Amfaninta ya fi fitowa a makon farko. Sabon ɗalibi ba shi da ɗaki, sai wani yaya ya matsar da katifa ya ba shi gefen tabarma. A raka shi shagon intanet, a nuna masa kwas ɗin da zai yi rajista, don kuskure ɗaya a lambar kwas kan jawo sakamako ya maƙale har ƙarshen zango. Akwai tsofaffin takardun jarrabawa, da darasin dare, da shatar mota ɗaya ranar hutu. In zazzaɓi ya kwantar da mutum, su ne ke jinya kafin 'yan gida su iso.

Kuɗin rajista da na zango ba su cika nauyi ba. Ɓarnar tana cikin ƙananan karo-karo: riga, kalanda mai hotunan shugabanni (wadda ba ta ƙara wa kowa maki), walimar masu fita. Ga ɗan manomin da guzurinsa kwano biyar na gero da galan ɗin man gyaɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga taro kuma, a sa ƙarfe huɗu, a fara biyar da rabi.

Inda ake samun matsala shi ne wajen ma'aji. Muddin kuɗin na shiga asusunsa na kansa, to sun gauraya da na abincinsa, ranar miƙa mulki sai kame-kame. Ƙungiyar kirki tana da asusun banki da sunanta, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa, kowane biya da rasit mai lamba, a karanta shiga da fita gaban kowa duk zango. Gudunmawar ɗan siyasa ma a rubuta ta a littafin, in ba haka ba lokacin zaɓe za a wayi gari motar shatar ta koma ta kamfe.

Sabon shiga ya biya rajista ya karɓi rasit, amma kada ya nemi muƙami sai ya ga sakamakon shekarar farko.