Gargaɗi ga masu Mazda RX-8: akwai mai damfara da sunan sayar da inji

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa na Wudil, Gaya har zuwa Dutse. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallar injin Mazda RX-8, wai beljiyam ne, wai kuma ko ta wace shekara ce motarka zai zauna daram. Sunansa da lambarsa canzawa suke yi, saboda haka salonsa zan faɗa muku. Ya riga ya cuci ƙanen wani abokina, yaron da ya sayar da riɗin da ya noma ya tura masa kafin alƙalami. Abin da aka sauke masa a tasha mataccen inji ne da aka wanke da fetur aka fesa wa fenti.

Abin da yake ci da shi shi ne yawancin makanikanmu, duk da ƙwarewarsu, ba su taɓa buɗe irin wannan inji ba. Babu fistin a cikinsa. Rota biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa, ƙirar Bajamushen nan Felix Wankel, kuma a bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke riƙe matsin iska. In wannan ƙarfen ya cinye ko ya karye ya karce gidan rota, sai dai a sauya gidan. Don haka duk wanda ya ce maka zai faɗaɗa ramin fistin ya sa sabon zobe kamar na Golf ko Corolla, wallahi ko dai bai san injin ba, ko kuɗinka yake so.

Maganar "kowace shekara" kuwa ƙarya ce tsagwaronta. An ƙera RX-8 daga 2003 zuwa 2012, amma a ƙirar 2009 kamfanin ya sauya yadda ake fesa baƙin mai cikin injin: bakin fesawa ya koma uku a kowace rota maimakon biyu, famfon ma ya zama wani daban. Injin nan da gangan yake ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan don ya jiƙa waɗancan ƙarafan, to in famfo da ƙwaƙwalwar motar ba su fahimci juna ba, injin zai ci kansa. Ko a cikin na kafin 2009 ɗin ma akwai mai ƙofar shan iska huɗu, akwai mai shida, kayan haɗinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci har hoton injin RX-7 mutumin yake turawa, wata Mazda da aka daina ƙerawa tun 2002, ya ce ai duk 13B ne, wato sunan da kamfanin ya sa wa injinan biyu. Sunan ne ya zo ɗaya. Ko ta inda hayaƙi ke fita ba wuri ɗaya ba ne.

Sai bidiyon da yake yaudarar mutane da shi. Za ka ga inji ya tashi bugu ɗaya, yana ta ruri. Ku lura da farin hayaƙin da ke turnuƙewa a bayansa. Ana zuba mai ta ramin fulogi don matsin ya ɗan dawo na ɗan lokaci, kuma kullum a sanyi yake tayar da shi. Gajiyayyen injin rota yakan tashi da sanyi, sai ya ɗauki zafi an kashe shi sannan ya ƙi tashi. Shi ya sa mutumin ba ya yarda ka je ka gani. Kullum yana "hanyar Legas", ko wani Alhaji na shirin biya yau.

Kada ku tura ko sisi sai kun tsaya a kan injin da makanikinku. A bar shi ya yi zafi sosai, a kashe, a sake tayarwa a gabanku. A auna matsi da na'urar da aka yi don irinsa, wadda ke ba da lamba uku ga kowace rota, shida ke nan, ba lamba ɗaya ba. A haɗa shekarar injin da lambar jikin motarku.

Wanda kuma ya riga ya tura, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit da duk saƙonnin, ya garzaya bankinsa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun kafin a kwashe kuɗin daga asusun.