Gwajin tuƙin jirgi: a hunturu ko a damina?

Ƙanena ɗan Daura da ke koyon tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ka ce ka cika awa 40 ɗinka, kana tambaya ko ka nemi a sa maka gwajin lasisin farko a Janairu, ko ka jira damina ta sauka.

Hunturu yana da nasa alherin. Iskar safiya sanyi gare ta da nauyi, inji yana samun cikakken ƙarfinsa, jirgi ba ya cin titi da yawa kafin ya ɗaga, ba kamar Afrilu ba da zafi ke haura digiri 40. Hadari kuwa babu shi. Matsalar dai hazo ce. Wannan gwaji da ido ake yinsa, kuma ƙa'idar tashi da ido tana so ka iya hango aƙalla kilomita 5. Mu 'yan Katsina mun san ranakun da rana ke komawa fara fat kamar faifai, har jirgin fasinja ya kasa sauka a filin Umaru Musa 'Yar'adua. Abin da ya fi damuna ma shi ne ranar da hazon bai kai na hana tashi ba, amma ya shafe inda sama ta haɗu da ƙasa. Da wannan layin kake riƙe hancin jirgi idan aka ce ka karkata digiri 45 ka zagayo. Da ya ɓace, sai ɗalibi ya sunkuyar da kai yana bin allurar tsayi, ya hau ya sauka, mai gwaji na gefensa yana kallo.

A damina, bayan ruwa ya wanke sama, za ka hango layin dogon Zariya zuwa Funtuwa tun daga nesa, tafiya da taswira ta zo da sauƙi. Sai dai hadari yakan haɗu daga azahar zuwa la'asar, da iska mai ƙarfi a gabansa. Iskar ma ta juyo daga kudu maso yamma, tunda kuwa jirgi iska yake fuskanta wajen sauka, mai yiwuwa ta ɗaya bakin titin za ka sauka, ba wanda ka saba ba. Ƙasar da ka haddace busasshiya ta koma kore shar, rafuka sun cika.

Ga kuma jira. Daga Janairu zuwa Yuni wata biyar ne, hannu zai yi sanyi, sai ka sake biyan kuɗin awanni kafin ya dawo.

Ni dai shawarata ka karɓi Janairu, amma ka shiga da niyyar ɗagewa idan ta kama. Ɗage gwaji saboda yanayi ba faɗuwa ba ne, mai gwaji ma yana so ya ji ka karanta rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet ka yanke hukunci da bakinka. Ka roƙi malaminka ku yi awa ɗaya a ranar hazo matsakaici. Yanzu da kake gida hutu, kullum bayan asuba ka duba rahoton filin Katsina da na Kano, ka faɗa a fili ko za ka tashi ko a'a, da dalilinka. Allah ya ba da sa'a.