Sharhi: wayar ragar da na killace wa awaki tsohuwar gona da ita

Gonar gado ce da aka daina nomawa har sabara da geza da kalgo suka rufe ta, ga magarya nan da can, ga manyan gawo a tsakiya. Maimakon in biya a sassabe ta, sai na zagaye ta da waya na zuba awaki. A Ƙofar Ruwa a Kano na sayi ragar, irin mai farin shafen nan da ke hana tsatsa, tsayinta ƙafa 4, faɗin idonta inci 4. Ta ga damina ta ga rani, don haka yanzu zan iya magana a kanta.

Idon nan shi ne dalilin da ya sa nake yaba ta. Akwai mai ido inci 6, ta fi araha, kuma ita masu shago suka fi nuna wa mutum. Ta shanu ce. Akuya, ko ganye ya kai mata wuya a ciki, na waje take so. Za ta zura kai ta faffaɗan ido, ƙahon ya hana shi dawowa, musamman jar akuyar Sakkwato da nata ya lanƙwasa baya kamar ƙugiya. In babu kowa kusa, nan za ta wuni a rana, ko kare ya same ta. A mai inci 4 baki kawai ke shiga. Tsalle kuwa ban ga wadda ta haura ba, har bunsurun.

Inda ragar ke da rauni shi ne susa. Awaki na bin jikinta suna goga haƙarƙari, a hankali ta yi ciki ta saki. Maganin yana wajen turaku: kada tazararsu ta wuce mita 3, na kusurwa kuma a dasa su da siminti a yi musu tokara kafin a ja wayar. Na sa na ƙarfe saboda gara. Wanda ya samu ƙirya ya yi sa'a, amma yanzu masu gawayi ba su bar ta ba. A gaskiya kuɗin turaku da na masu aiki sun kusa kamo na ragar, wannan kuma babu mai gaya maka a shago.

Sai ƙasan. A fili mai kwazazzabo, ruwan Agusta na zaizaye gindin shingen, 'yan awaki su sulale ta nan. Duwatsu muke jerawa bayan kowane babban ruwa. Da kaka kuma dole a share ciyawar da ke bin layin, domin gobarar daji na cinye shafen, daga nan sai tsatsa. Ɓarawo mai filaya kam ba ta gagare shi ba, shi ya sa dabbobina ba sa kwana a can.

Su awakin sun yi aikinsu. Sun buɗe sarƙaƙiyar iya inda wuyansu ya kai, da rani kuma 'ya'yan gawo da na kalgo suka riƙe su, dusar da nake saye ta ragu sosai. Sai dai suna ɓare bawon ƙananan itatuwa, wanda kake son ya rayu ka zagaye shi da guntun raga. Kafin a sake su a bi filin a duba ko akwai samberu, ganyensa na kashe dabba.

Zan sake sayen ragar in na tashi raba filin biyu, don gefe ɗaya ya riƙa hutawa yana toho. Mai saye dai ya sa a warware masa bakin naɗin ya lanƙwasa wayar da hannunsa, domin akwai siririya da ake naɗewa iri ɗaya a sayar a farashin mai kauri.