Hattara da masu sayar da kujerar yawon Sallah zuwa Yankari, Kajuru da Hawan Daushe

Jama'ar Kaduna, musamman iyaye mata da 'yan makaranta, a yi hattara da wasu shafuka da ke tallar tafiyar yawon buɗe ido a Instagram da TikTok da Facebook duk lokacin da Sallah ko hutun ƙarshen shekara ya ƙarato. Kama sunansu ba zai amfana da komai ba, don wanda suka yi aiki da shi a ƙaramar Sallah tuni sun goge shi sun buɗe wani. Hotunan ne dai ba su canza ba, da salon maganar. Shi ya sa zan faɗi yadda suke aikin, duk wanda ya ci karo da su ya gane su ko da wane suna suka ɓullo.

Ni sana'ar POS nake yi a Tudun Wada, wajen Kasuwar Barci, mai POS kuwa yakan ga abin da mutum bai gaya wa maƙwabcinsa ba. A goman ƙarshe na azumi na lura mata suna ta zuwa da lambar asusu guda, sunan wani namiji ne a kai, babu sunan kamfani. Wannan ta tura Naira 40,000, waccan 80,000. Na tambayi wata dattijuwa da muka saba, na ce, "Hajiya, wannan bawan Allah atamfa yake sayarwa ne? Na ga kowa shi yake tura wa." Ta yi dariya ta ce, "A'a ɗan nan, Yankari za mu kai jikoki su ga giwa. Kafin alƙalami ne, an ce kujera uku ta rage." Wadda ta riga ta zuwa a farkon makon, ita ma kujera ukun nan aka ce mata ta rage.

Dabarar tasu gaba ɗaya a nan take. Kowa ya san wuraren nan suna cika maƙil lokacin Sallah. Wanda ya taɓa kai yara wurin shaƙatawa na Gamji washegarin idi ya san turereniyar da ake yi a bakin ƙofa. Ɗakunan kwana a sansanin Wikki na Yankari ƙidayayyu ne, masu rabo tun da wuri suke kamawa. Wannan duk gaskiya ne, kuma da gaskiyar suke koro mutum: in ba ki biya yau ba, gobe babu. Wanda aka sa wa gaggawa kuwa ba ya tsayawa tambaya.

Da kin nuna sha'awa sai a jefa ki a guruf na WhatsApp. Za ki tarar da jama'a dam, ana ta turo hoton rasit, wata na cewa bara da su ta je, Allah ya saka musu da alheri, wani na roƙon a taimaka a ƙara masa kujera biyu. Da yawa daga cikin lambobin nan nasu ne. In wani ya tambayi ina ofishinku, ko a wane masauki za mu kwana, sai a bi shi ta bayan fage da daɗin baki, ranka ya daɗe kaza, ranka ya daɗe kaza. In ya matsa a cire shi, a sanar cewa yana kawo ruɗani. Ana saura 'yan kwanaki a tafi sai a kulle guruf ɗin, masu kula da shi kaɗai ke iya magana, wai surutu ya yi yawa.

Ƙanwar maiɗakina tana cikin waɗanda suka biya. Ba a shagona ta tura ba, sai daren Sallah na ji labari, don haka ni na kai ta wurin haɗuwar, bakin Dandalin Murtala, ƙarfe 6 na safe. Na ga kuloli na shinkafa da soyayyen kaza, na ga bokitan cincin da dambun nama. Yara sun sha sabbin kaya da tabarau na roba. Wani yaro yana riƙe da gajeren wandonsa na wanka a leda, ya ƙi yarda a sa masa a jaka, don an gaya masa akwai ruwa mai ɗumi da za a yi iyo a ciki. Ƙarfe 7 saƙo ya shigo cewa bas tana shan mai. Ƙarfe 8 aka ce taya ta yi faci a Mando. Wajen ƙarfe 9 aka ce kowa ya tura Naira 5,000 kuɗin jami'an tsaro masu rakiya, in ba haka ba ba za a bari mota ta tashi ba. Wallahi a gabana wasu suka tura, don wanda ya riga ya zuba 80,000 yana ganin 5,000 ce za ta ceto masa ita. Kafin ƙarfe 10 an watse guruf, waya a kashe, shafin ya yi ɓatan dabo.

Wadda ta fi ba ni tausayi a wurin wata malamar Islamiyya ce. Ita aka yi wa tayin cewa in ta kawo mutum biyar za ta tafi kyauta, in ta kawo goma har da ɗanta. Ta shiga gidajen iyayen ɗalibanta ta yi musu bayani, wasu ma a hannu suka ba ta kuɗin ta tura musu. Ba ta taɓa ganin mutumin ba, muryarsa kawai ta sani, kullum yana "Malama ranki ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya." Da rana ta take, ita mata suka zagaye. Wata na cewa, "Malama, mu fa ke muka sani." Kuma gaskiyarta, ita ɗin suka sani. Macutan ba kowa suke yi wa wannan tayin ba. Uwar adashi suke nema, ko shugabar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko mai sayar da kaya da ke da mabiya da yawa, wadda in ta ce abu ba a musu. Su tafi da kuɗi, ita a bar ta da bashi da zubewar mutunci. Malamar nan har yanzu biya take yi kaɗan-kaɗan daga ɗan abin da take samu, alhali ko sisi bai shiga aljihunta ba. Duk wadda aka yi wa irin wannan tayin ta tambayi kanta ko za ta iya biyan mutum goma in abin ya watse, don ƙofarta za a ƙwanƙwasa.

Tallan da kansa yana tona musu asiri in an karanta shi a natse. Akwai rukunin da suka kira na araha: a tashi Kaduna ƙarfe 6, a zaga daji, a yi wanka a Wikki, a dawo gida ƙarfe 8 na dare. Wanda ya san hanyar zai yi dariya. Daga nan sai ka bi Maraban Jos, Pambeguwa, Saminaka, ka shiga Jos, ka wuce Toro zuwa Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe har Dindima, sannan ka karkata zuwa ƙofar dajin a Mainamaji. Daga ƙofar ma akwai sama da kilomita 40 kafin ka isa sansanin Wikki. Zuwa kaɗai ba ya gaza awa bakwai da bas mai cike da yara, to ina lokacin zagayen daji, ina na dawowa?

Sun kuma rubuta cewa arahar ta samu ne saboda rangwamen gwamnatin tarayya. Tun 2006 Yankari ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. A hoton tallan akwai jakin dawa da raƙumin dawa, waɗanda a Sumu ake ganinsu, wani wuri daban a jihar. Sun yi alkawarin dole a ga giwa. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,000, giwa kuma ba a turke take ba. Da rani an fi dacewa, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna gangarowa kogin Gaji, amma ko ma'aikatan dajin ba sa yi wa kowa rantsuwa a kai.

Na Kajuru ya fi sauƙin ruɗar mutane saboda kusa ne, kilomita 45 ko makamancin haka a hanyar Kachia. Wurin shi ne Kajuru Castle, ginin da wani Bajamushe ya yi a shekarun 1980, kuma ba wurin gwamnati ba ne da za ka tsaya a ƙofa ka yanki tikiti. Sai an nemi izini tun kafin ranar, ɗakunan kwanansa kuma 'yan kaɗan ne. Wanda ya ce zai kwantar da bas biyu a can, ka tambaye shi a ina. Ka kuma tambaye shi halin da hanyar take ciki a makon, don mai shirya tafiya na gaskiya shi zai fara kawo maganar tsaro kafin ka kawo.

Sai katin manyan baƙi na Hawan Daushe a Zariya, wai Naira 25,000. Kallon hawa kyauta ne, ka samu gefen hanya ka tsaya kamar kowa. Wurin zaman baƙin fada kuwa gayyata ake yi. Ko hawan ma ba kullum ake da tabbacinsa ba, a Kano 'yan sanda sun hana shi a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a 2025. Wanda ya karɓi kuɗinka wata guda kafin idi, me ya ce zai yi in an soke?

Akwai wasu da ba sa gudu, angulu da kan zabo suke yi. Mota za ta zo, amma tsohuwa, a cusa mutane. A isa ƙofa a ce kuɗin shiga ba ya cikin lissafi, a nemi ɗaki a tarar ba a kama ba, a kwana cikin mota. Waɗannan sun fi wuyar kamawa, don za su ce ai mun kai ku.

Masu ɗan hali kuma Dubai da Misra ake yi musu talla. Tun da aka dawo da ba 'yan Najeriya bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Yulin 2024, bayan dakatarwar da aka yi tun 2022, tallan Dubai ya yawaita. Abu guda nake so a riƙe a nan. Ana iya kama wa mutum kujerar jirgi ba tare da an biya ko kwabo ba. Za a ba ka lambar rijista, ka shiga shafin kamfanin jirgin ka ga sunanka ɓaro-ɓaro, hankalinka ya kwanta ka tura ciko. Bayan ɗan lokaci kujerar ta saki kanta tunda ba a biya ba. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ita za ka nema, ka kira kamfanin jirgin su tabbatar maka. Haka tikitin hawa Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai, yana da rana da sa'a, na wajen faɗuwar rana ya fi tsada kuma ya fi saurin ƙarewa. Hoton tikiti guda ana iya tura wa mutum ashirin, wanda ya riga isa ƙofa shi ya shiga. Wurin yana sayar da tikitinsa a shafinsa na intanet, ba ka buƙatar ɗan tsakiya. In kuma an haɗa tafiyar da Umara, a nemi lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Akwai matasa a garin nan da ke shirya irin wannan tafiya tsakani da Allah, kuma su ma ɓarnar nan tana kashe musu kasuwa. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Ka nemi lambar rijistarsa ta CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ka duba a shafin hukumar, kyauta ne. Rijista kaɗai ba shaidar amana ba ce, amma sunan da ke kan asusun da za ka tura wa lallai ya zama sunan kamfanin, kada ka yarda da "asusun kamfani ya samu matsala, tura wa manaja." Ka je ofishin da ƙafarka, ka tambayi masu shagunan kusa tun yaushe suke wurin. Sannan ka kira wurin da za a je, da lambar da ka samo da kanka, ka tambaya ko an kama ɗakuna da wannan suna a wannan rana. Kiran minti biyu ne. Da mutum ɗaya cikin waɗanda suka tsaya a Dandalin Murtala ya yi shi, da an ji tun cikin azumi.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta hana shi magana. A ranar ka je bankinka ko ka kira su, ka ba da lambar asusun da rasit, ka nemi a sanar da bankin da kuɗin ya shiga, don suna kwashewa da sauri. Ka adana hotunan hirarku tun kafin su goge. Ku haɗu ku kai ƙara tare wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, ƙorafin mutum talatin ya fi na mutum ɗaya nauyi. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, ba tare da zaɓin tara ba.

Bayan an yi kwanaki wani zai kira ka, ya ce shi jami'i ne, an kama mutanen, ana mayar da kuɗi, ka tura wani abu na buɗe fayil ko ka karanto masa lambar da banki zai turo maka a waya. Su ne dai. EFCC ba ta karɓar kuɗi don a shigar da ƙorafi, banki kuma ba ya tambayar wannan lambar. Lambobin duk waɗanda suka shiga guruf ɗin nan suna hannunsu, don haka a sa ran kiran.