Kirsimeti ko sabuwar shekara, wanne yafi cin aikin hannu a gida?

'Yar'uwa da kika yi tambaya jiya da daddare, naga har yanzu ba wanda ya zauna ya baki amsa sai "duk biyun suna da daɗi", toh bari in gwada. Kin ce bana ne karon farko da zaki yi hutun ƙarshen shekara a ɗakinki, ke da maigida da yara biyu, a gidanku Kirsimeti aka ɗauka da zafi, dangin maigida kuma daren 31 ne babban abinsu, kina son yin abubuwa da hannunki amma kinsan ƙarfinki bazai kai biyu ba, wanne zaki zubawa ƙarfi?

Ni dai in kin bi tawa, aikin hannu ki kaishi Kirsimeti, sabuwar shekara ki barta da sauƙi. Ba wai don ɗaya yafi ɗaya daraja ba, a'a, yanayinsu ne daban, kuma na taɓa gwada yi musu hidima iri ɗaya shekara guda, ranar 1 ga Janairu a kwance na wuni ko gaisuwar waya ban iya amsawa ba.

Fara da lokaci, don nan ne bambancin yafi fitowa. Kirsimeti abu ne da ake tafiya zuwa gareshi a hankali, akwai Lahadi huɗu na Adbent kafin ranar, wato makonnin jira, kuma kusan duk al'adun gida na wannan biki an ginasu ne akan jiran nan. Kinga da'irar ganye mai kyandir huɗu da ake kunna ɗaya duk Lahadi? wani fasto ne a Hamburg ta Jamus, Johann Wichern, ya farota a 1839, yana kula da yara marasa galihu suna damunsa kullum da tambayar yaushe ne Kirsimeti, sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki ya jera mata kyandira, ƙanana na ranakun mako manya huɗu na Lahadi, duk rana a kunna ɗaya yara su gani da idonsu saura nawa. In naki yaran ma suna damunki da wannan tambayar, ashe matsalar tsohuwa ce. Sabuwar shekara kuwa bata da jira irin wannan, duk abin minti ɗaya ne, ƙarfe 12 ta buga an rungumi juna an yi addu'a anyi ihu shikenan, kafin 12 da rabi yara sun fara gyangyaɗi akan kujera. Abin da zai wuce cikin minti ɗaya ina amfanin ki yi mako uku kina masa wahala.

Hatta a tarihi ma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Rubutu mafi tsufa da ya nuna anyi bikin haihuwar Yesu ranar 25 ga Disamba daga Roma ne, shekara ta 336. Ita kuwa 1 ga Janairu lissafin kalanda ce ta Romawa, Julius Kaisar ya tabbatar da ita tun shekara 45 kafin haihuwar Almasihu, kuma ba kowa ya riƙeta ba, Ingila sai 1752 ta dawo da farkon shekararta Janairu, da can 25 ga Maris take farawa. Wannan dai gefen zance ne, amma shi yasa ɗaya ya cika da labari da alamomi da za'a iya yankawa a manna, ɗayan kuma agogo ne kawai.

Sai ado, inda ni nafi jin daɗin aikin. A Kirsimeti kina da abin yi har ki gaji, tauraro, mala'iku, makiyaya, komin dabbobi da jariri a ciki. Shi wannan na komin dabbobin ma Francis na Assisi, wani waliyyin Katolika, ne ya shahara da shirya shi a wani ƙauye Greccio a Italiya a 1223, da sa da jaki na gaske, ke kuma kwali da almakashi sun isheki. Abin da nake yi duk shekara da yara shine ƙullun gishiri, kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ruwa kusan kofi 1 amma a hankali zaki dinga zubawa har ya haɗu baya kama hannu, ki murza shi da kwalba kauri kamar rabin santimita, yara su yanka tauraro ko su danna tafin hannunsu a kai, ki gasa a oben wuta can ƙasa wajen digiri 100, awa 2 zuwa 3. Dan Allah karki manta ki huda ramin zare kafin ki gasa, ni shekarar farko na manta, muka fito da taurari 20 masu kyau ba inda za'a rataye, na ɗauko ƙusa zan huda suka dinga farfashewa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar tana kuka babban yana dariya. In wuta tayi yawa kuma kumbura suke kamar burodi. Bayan sun huce ayi fenti, ki rubuta shekara a bayan kowanne, ki adana inda ba laima don gishiri yana jan ruwa sai su yi laushi. In kuna da kare a gida ki rataye su sama sosai, gishirin yayi masa yawa zai iya yi masa illa. Haka lemo, ki yanka siriri ki busar a oben awa 3 ko 4 kina juyawa, ki zura zare, in haske ya biyo ta cikinsa kamar gilashi mai launi. Da sarƙar takarda mai zobe 24, kullum yaro ya cire ɗaya daga 1 ga Disamba, wannan ko awa ɗaya bata ci.

Adon sabuwar shekara fa? babu wani sabo da kike buƙata. Kwanakin Kirsimeti a al'adar ikkilisiya 12 ne, daga 25 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, sai 6 ga wata ranar tunawa da zuwan masanan nan daga gabas wajen jariri Yesu, shi yasa gidaje da yawa basa sauke ado sai lokacin. Kenan daren 31 a cikin adon Kirsimetinki zai sameki, aiki ɗaya ya biya biyu. In kin matsu ki yanka lambobin sabuwar shekarar a kwali ki manna a bango.

Abinci kuma shima haka, na Kirsimeti yawanci irin wanda yake son a bashi lokaci ne. Kek ɗin nan mai zabibi da busassun 'ya'yan itace da kirfa da kanumfari, a Ingila ana haɗa irinsa tun Lahadin ƙarshe kafin Adbent, kowa a gidan sai ya kama muciya ya juya sau ɗaya, kusan mako biyar kenan kafin a ci. Abin da yasa baya lalacewa sukari ne da yawa, ruwa kaɗan, kuma ana ɗan yayyafa masa giya mai ƙarfi lokaci lokaci. In baki amfani da giya, kamar ni, ki jiƙa 'ya'yan itacen a ruwan lemo ko baƙin shayi dare ɗaya ko biyu a firij, amma ki sani wannan bazai jure makonni a kan tebur ba, in kin gasa da wuri ki naɗe ki jefa firiza. Ƙullun biskit ma yana zama a firiza lafiya lau, ki kwaɓa farkon wata, ki gasa ranar 23 gida ya ɗau ƙamshi. Kinga duk wannan aiki ne da zaki rarraba, yau kaɗan jibi kaɗan, bazai taru miki a ka ba.

Na sabuwar shekara kuwa a wurare da dama ɗan abu ne na alama. A Sifaniya inabi 12 ne, duk bugun agogo ɗaya a jefa ɗaya a baki, mutane suna kallon agogon dandalin Puerta del Sol na Madrid a talabijin suna ta shaƙewa da dariya, ko minti ɗaya bai kai ba. A Italiya wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi suke dafawa wai yayi kama da tsabar kuɗi. A Sikotilan wanda ya fara taka ƙofar gida bayan 12 na dare shi ake jira, ya shigo da ɗan gawayi ko abin ci a hannu. Duba ki gani, ba wanda yake buƙatar ki kwana a kicin. In zaki gwada na inabin da ƙananan yara ki tsaga musu shi a tsaye gida huɗu, guda yana iya maƙale musu a wuya, kuma karki sasu tseren agogo.

Abu ɗaya da mutane ke kuskure, cewa ai ragowar Kirsimeti za'a ci daren 31. Dafaffen abinci a firij kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, daga 25 zuwa 31 kuwa kwana 6 ne. In kina son wannan dabarar, tun ranar da kika dafa ki ware rabon sabuwar shekara ki sa a firiza kafin ma a fara ci, kar ki jira sai abin da ya rage a tukunya bayan hannu goma sun shiga.

Mutanen da ke zuwa ma ba iri ɗaya bane. Kirsimeti yana jawo mutane ciki, iyaye, kakanni, yara, a zauna a ci da rana, kuma su ne masu lura da aikin hannu, kaka zata ɗauki katin da jikanta ya zana da kalar da ta fita layi ta ajiye shekara goma. Katin sayarwa ma ai sai 1843 aka fara buga shi a Landan, wani Henry Cole ya sa aka buga masa 1,000 saboda wasiƙun gaisuwa sun masa yawa bazai iya amsawa da hannu ba, wato maganin mai gaggawa ne tun asali. Sabuwar shekara kuma tana fitar da mutane waje, wasu majami'a sujadar tsakar dare, wadda 'yan cocin Methodist suka yaɗa tun zamanin jagoransu John Wesley a ƙarni na 18, wasu wajen abokai, wasu kallon wasan wuta. Kina iya shirya tebur guda ki ga rabin gidan sun sa takalmi ƙarfe 10.

Amma fa kar in miki ƙarya in ce ko'ina haka ne, don akwai inda abin ya juye gaba ɗaya, kuma inaga zai taimaka miki ki fahimci surukanki. A Rasha gwamnatin Sobiyet ta danne Kirsimeti, sai a 1935 aka dawo da bishiyar amma da sunan ta sabuwar shekara, har yau kyauta da babban tebur daren 31 ne, Kirsimetinsu kuma 7 ga Janairu saboda cocinsu na bin tsohuwar kalanda mai tazarar kwana 13, kamar yadda Kiristocin Habasha da na Masar ma 7 ga Janairu suke yi. A Sikotilan sai 1958 Kirsimeti ya zama ranar hutun aiki, shi yasa sabuwar shekara ta fi ƙarfi a can. Japan kuwa duk wahalar gida ta sabuwar shekara ce, a share gida tas a goge kafin ƙarshen Disamba, a dafa abincin kwana uku a jera a akwatuna don kar a shiga kicin farkon shekara. Kenan dangin maigidanki ba wani baƙon abu suke yi ba. Sai dai ko a waɗannan wuraren biki ɗaya ake ɗorawa nauyin aiki, ɗayan a barshi ya wuce da sauƙi, ba wanda yake dafa kansa sau biyu a mako ɗaya.

Toh tunda su sun riga sun iya daren 31 kuma suna da yadda suke yinsa, ki barsu su riƙe kayansu, kije da biskit ɗin da kika ware a firiza da rabin kek, ki zauna ki zama baƙuwa, kar ki shiga gasa da uwar miji a filinta shekarar farko. Ke kuma ki gayyace su ranar 25 su zo su ga taurarin jikokinsu. In maigida yana son wani abu na gidanku ku kaɗai a sabuwar shekara, ki samu kwalba mai murfi, safiyar 1 ga wata kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai da abu ɗaya da yake fata, ki rubuta wa yaran nasu yadda suka faɗa karki gyara musu, a rufe sai baɗi. Namu na bara da muka buɗe, ƙaramar cewa tayi tana fatan haƙorinta ya fito.

Ki fara da sarƙar takardar kafin 1 ga Disamba, ƙullun gishiri Asabar ta farko, kek mako na biyu. In kin gasa taurarin ki turo mana hoto mu gani ko kin tuna da ramin zare.