Kantar roba da aka buga mini don ƙara faifan ajiya a kwamfuta: sai a bugu na biyu ta yi

Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna, a nan Kano. Wanda ya san aikin ya san yadda bidiyo ke cin wuri. Biki guda, daga kamu zuwa dina zuwa kai amarya, in da kyamara biyu aka ɗauka, sai ya haura gigabait 200. Kuma ba na saurin gogewa, don sai bayan shekara uwar amarya ta aiko a sake mata kwafi, wai nata ya ɓata.

Akwatin kwamfutata ƙarami ne, gurbi biyu kawai aka yi masa: ɗaya na babban faifai mai inci 3.5, ɗaya na SSD (ƙaramin faifan ajiya da ba abin da ke juyawa a cikinsa) mai inci 2.5. Alhali madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfuta, na da bakin SATA (inda ake jona faifai) har shida, huɗu na zaune ba aiki. Na daɗe ina lallaɓawa da faifan waje na USB, har ranar da hannun rigata ya ja waya, ɗaya ya faɗo daga tebur yana cikin juyawa. Bikin mutane biyu ya tafi a ciki. Kunyar da na ji a gaban dangin ango har yau ba ta sake ni ba.

Na sayi faifai biyu masu terabait 4, na rasa inda zan ɗaure su. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani ɗalibi da ke da firintar 3D, wato na'urar da ke buga kaya da narkakkiyar roba, a ɗakinsa. Yaron ya zo da ma'auninsa, ya auna filin da ke ƙasan akwatin ta gaba, ya samo zanen wata 'yar kanta mai hawa biyu a Printables, shafin intanet da ake samun zanen kayan bugun 3D, ya rage mata tsayi don kada ta taɓa katin bidiyo. Faɗin babban faifai milimita 101.6 ne a ko'ina, don haka nan ba a sha wahala ba. Bugun ya ci kusan awa tara. Da ya kawo, faifan suka shige kamar don su aka halicce ta.

Wata matsala ƙarama ta fara fitowa wajen noti. Babban faifai notin 6-32 yake ɗauka, SSD kuma M3, kuma a ido kusan ɗaya suke, sai ka matsa ka ji ya ƙi tafiya. Ga shi roba ta fi ƙarfen akwati kauri, notin da nake da su suka gaza kaiwa, sai da na nemo masu ɗan tsawo. A nan a yi hattara, wanda ya yi tsawo da yawa yana iya taɓa cikin faifan. Wajen wuta kuwa, babban faifai na buƙatar lantarki mai ƙarfin volt 12 da volt 5 ta waya mai fil 15. Na samu ragowar baki biyu a jikin akwatin da ke ba kwamfutata wuta, ban yi amfani da 'yan adaftocin nan masu arha da ake narka wa roba a kai ba, don an san su da kamawa da wuta. Windows ta nuna kowane faifai a terabait 3.63, ba algus ba ne, bambancin lissafi ne. Sai dai wajen shirya faifan a Windows a zaɓi tsarin GPT, domin tsohon tsarin, MBR, ba ya wuce terabait 2.

A watan Fabrairu aka saka, komai lafiya. Afrilu na kamawa, zafin Kano ya haura digiri 40, sai na fara jin wani gurnani daga ƙasan tebur, har kofin shayi yana rawa. Na buɗe CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar faifai da zafinsa, na ga faifan sama yana digiri 54. Na kashe na buɗe akwatin. Hawan sama ya lotsa a tsakiya kamar tsohuwar katifa, ramukan noti sun buɗe, faifan ya sauko har ya kusa kwantawa kan ɗan'uwansa. Gabana ya faɗi, don aikin wata uku ne a kai.

Na kira yaron. Bai yi musu ba, ya ce, "Yaya, laifina ne. Robar PLA na sa maka don ita ke hannuna, kuma tana fara laushi ne wajen digiri 60." Faifai mai nauyin fiye da rabin kilo, yana juyi sau 7,200 a minti, cikin ɗakin da fanka ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ai robar ba ta da laifi. Ya sake bugawa da wata roba mai suna PETG, wadda ke jurewa har wajen digiri 80, kuɗin roba kawai ya karɓa. Wannan halin ya sa har gobe nake tura masa mutane.

Bugu na biyu ya bambanta. Ya ƙara kaurin bango, ya bar tazarar da yatsa zai shiga tsakanin faifan biyu, ya buɗe gefuna don iska ta ratsa. Muka ɗaura fanka mai milimita 120 a gabanta. Gurnanin kuwa da tsohon tiyub ɗin keke muka kashe shi: na yanka 'yan zobba da almakashi, na sa tsakanin noti da roba, na shimfiɗa wani yanki a ƙarƙashin kantar. Yanzu ko ina tsakiyar fitar da bidiyo da rana tsaka, faifan ba sa wuce digiri 43. Kantar ta ga wani zafin bazarar ta wuce shi ba ta motsa ba.

Abin da har yanzu ba na so guda biyu ne. In zan cire faifan ƙasa, dole in kwance kantar gaba ɗaya, ba kamar ta ƙarfe mai zamewa ba. Sannan layukan bugun suna riƙe ƙura, da hunturu duk sati biyu sai na bi ta da burushi.

Ga mai son ƙara SSD, kada ma ya tsaya dogon tunani, ba ta da nauyi, ba abin da ke juyawa a cikinta, kowace roba za ta riƙe ta. Mai babban faifai kuwa ya tambayi mai bugun irin robar tun kafin a fara, ya kuma tanadi fanka. Kuɗin da na kashe a bugu biyun bai kai rabin na sabon akwati ba. Faifan sama nake aiki a kai, na ƙasa kwafinsa ne, duk daren Juma'a nake kwashe sabbin bukukuwa in zuba masa kafin in rufe shago.